Yadda zaka ɗauki hoton fure da ƙwari kusa-kusa har a ga gashin ƙafar zuma

Duk wanda ya taɓa kara kyamara ko waya kusa da fure dan ya ɗauki ƙudan zuman da ke ciki ya san yadda abin ke ƙarewa, ganyen can baya ya fito tas, shi kuwa zuman ya koma dishi-dishi. Nan da nan sai mutum ya ɗora wa kyamara laifi ya fara lissafin sayen wata, alhali mafi yawan lokaci ita ba ruwanta. Abin da ke faruwa shi ne in ka matso kusa sosai wurin da fokas ke kamawa yana tsukewa har ya koma wajen milimita ɗaya, kuma duk matakin da zan kawo a nan, daga zaɓen kaya har yadda zaka riƙe numfashi, dabara ce ta ɗora wannan milimita ɗayan a kan idon ƙwaron.

Fara gane lissafin tukun

Masu hoto suna cewa makro na gaskiya, wato hoton ƙananan abubuwa kusa-kusa, daga 1:1 yake farawa. Ma'ana in ƙwaro tsawonsa milimita 10 ne, hotonsa da ya faɗa kan sensa, wato ɗan farantin cikin kyamara da ke kama hoto, shi ma milimita 10 ne, ba ragi. Sensar babbar kyamara faɗinta milimita 36 tsayinta 24, ita kuwa ƙaramar sensar da ake kira APS-C, wadda mutane da yawa ke riƙe da ita, faɗinta wajen milimita 23 ne. Ƙudan zuma ma'aikaciya ba ta wuce milimita 12 zuwa 15 ba, kaga kenan a 1:1 a kan APS-C zata cinye fiye da rabin hoton, har ka ga gashin jikinta da garin furen da ta ɗaure a ƙafafun baya.

Toh ga inda wahalar take. A 1:1 in ka sa ƙofar haske a f/8 (ramin da haske ke bi ya shiga kyamara kenan, lambar na hawa ramin na tsukewa), kaurin abin da zai fito tas wajen milimita 1 ne. Ka tsuke zuwa f/16 ka samu wajen milimita 2. In ka haura 2:1, wato hoton ya ninka girman ƙwaron, a f/8 ɗin nan dai, ko rabin milimita bazaka samu ba. Ɗan motsin jikinka ma kaɗai yana motsa kyamara fiye da haka, balle iska. Sannan akwai asarar haske, dan yayin da gilashin kyamara, wato lens, ke nisa da sensa dan ya kama abu na kusa hasken da ke isa ciki yana raguwa, a 1:1 f/8 ɗinka aikin f/16 yake yi wajen haske, wato kashi ɗaya cikin huɗu kawai ke shiga. Shi ya sa zaka ga rana ɗau a waje amma kyamara tana kukan duhu.

Kayan aiki

Ba sai kana da gilashin makro ba kafin ka fara, hanyoyi ne da yawa kuma kowacce da halinta.

In waya ce a hannunka, duba ko tana da makro na kirki. iPhone 13 Pro da ya fito a 2021 yana kama fokas har santimita 2 ta faffaɗan gilashinsa, kuma wayoyi da yawa na bayansa haka suke. Amma ƙananan kyamarorin makro masu megafiksal 2 da ake liƙa wa wayoyi masu sauƙi, gaskiya ado ne kawai, gara ka ɗauka da babbar kyamarar wayar daga ɗan nesa ka yanke hoton, ko ka samu ɗan gilashin nan mai maƙali da ake ɗora wa waya. Damuwar santimita 2 kuma ita ce inuwar wayar da kanta tana rufe furen, ƙwaro ma bazai tsaya ka kawo masa allo har hanci ba. Dan haka waya ta fi kyau a fure, tsutsa, da ƙwarin da basa gudu.

In kyamara ce mai canjin gilashi, hanya mafi sauƙi ita ce zoben ƙari, wasu zobba ne marasa gilashi a ciki da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi, yawanci uku suke zuwa, milimita 12, 20 da 36. Lissafinsu ba wuya, raba tsawon zoben da tsawon gilashin, abin da ya fito shi ne girman da ka ƙara. Gilashin 50mm da zoben milimita 50 ya kai ka wajen 1:1 kenan. Ka dai tabbata ka ɗauki masu ƙarafunan lantarki a jiki, in ba haka ba yawancin gilasan zamani bazasu bar ka canza ƙofar haske ba. Kuma muddin zoben na jiki ka manta da ɗaukar abu mai nisa, fokas bazai kai ba.

Ta biyu ita ce ɗan tabarau da ake maƙalawa a gaban gilashi, irin wanda tsofaffi ke sawa dan karatu ne aka yi wa kyamara. Wanda ya fi suna shi ne Raynox DCR-250 mai ƙarfin +8, in ka maƙala shi fokas zai kama a wajen santimita 12 da rabi daga bakinsa, a gilashin 100mm zaka samu girman kusan 0.8:1, a 200mm wajen 1.6:1. Ƙaninsa DCR-150 mai +4.8 ya fi sauƙin sarrafawa ga sabon shiga saboda yana barin tazarar wajen santimita 20. Ni a ganina duk wanda yake da gilashin zum, mai jawo abu na nesa, da ke kaiwa 200mm ko 250mm wannan ce hanyar da kwalliya ke biyan kuɗin sabulu, ka cire ka mayar cikin daƙiƙa biyu. Akwai kuma juya gilashi baya-gaba da zoben juyi, 50mm ya ba ka wajen 1:1, 28mm wajen 2:1, sai dai cikin gilashin yana buɗe ga ƙura kuma komai da hannu zaka yi.

Sai gilashin makro na ainihi. In zaka saya, nemi tsakanin 90 zuwa 105mm, irin Tamron 90, Canon 100, Nikon ko Sigma 105. Dalili tazara ce, a 1:1 gilashin 100mm yana barin wajen santimita 13 zuwa 15 tsakanin bakinsa da ƙwaro, gajerun kuwa sai ka kusa taɓa abin. Akwai Laowa 100mm mai kaiwa 2:1, akwai Canon MP-E 65mm mai farawa daga 1:1 har 5:1 wanda ba ya iya ɗaukar komai sai makro, amma waɗannan ka bar su sai hannu ya faɗa.

Lokaci ya fi kaya muhimmanci

Ƙwari jininsu ba ya ɗumama kansa, zafin gari suke jira. Da sassafe kafin rana ta ɗaga zaka same su a lafe, jiki a mace, wani lokaci da raɓa a fuka-fuki, kuma a lokacin ne iska ta fi kwanciya. Malam-buɗe-littafin da da hantsi bazai bari ka matso taku uku ba, da asuba sai ka kai gilashi har gabansa. Wasu ƙananan zuma da basa zama a amya ma a jikin kara suke kwana, su cije shi da baki su rataye, in ka gane inda suke kwana gobe ma ka duba wurin dan sau da yawa suna dawowa.

Tsakar rana ita ce mafi muni, haske mai kaifi, inuwa baƙi wuluk, fari ya ƙone, ƙwari kuma kamar an kunna su. Ranar da gari ya yi lumshi da gajimare ita ce ranar fure, launi yana fitowa sosai ba ƙyalli.

Kuma kar ka yi ta zagaye lambu. Zaɓi shuka ɗaya mai fure da yawa, irin zinniya, lantana ko furen kabewa da ke buɗewa da safe ya rufe kafin rana ta take, ka tsuguna ka yi shiru minti goma. Da farko bazaka ga komai ba, can sai ido ya saba ka fara hango abubuwa, tururuwa tana kiwon ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ruwan ganye tana lasar zaƙin da suke fitarwa, farin gizo-gizo ya ɓuya a tsakiyar fure ya ware ƙafafun gaba yana jiran tsautsayi ya kawo wani. Ɗaga ganye ka leƙa ƙarƙashi, rabin mazauna lambu a can suke. Lambun da aka yi wa feshin maganin ƙwari kuwa kar ka ɓata lokacinka a kai.

Saitin kyamara

Hanya biyu ce, hasken Allah ko filasha.

In hasken rana kawai zaka yi amfani da shi, juya zuwa A ko Av, inda kai ke zaɓen ƙofar haske kyamara ta zaɓi sauran, sa f/5.6 zuwa f/8, ka bar ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya hau da kansa amma ka sa ido kar gudun shata, wato saurin buɗewa da rufewar kyamara, ya sauka ƙasa da 1/250 na daƙiƙa, in akwai ɗan iska ma 1/500. Kar ka ji tsoron ISO 800 ko 1600, hoton da ya yi ɗan yashi-yashi yana gyaruwa a kwamfuta, wanda ya girgiza kam sai shara. Kar ka dogara da na'urar hana girgiza ta cikin gilashi, a makro ƙarfinta yana raguwa sosai kuma ba ta san komai ba game da motsin gaba da baya, wanda shi ne ke kashe fokas.

In da filasha ne, koma M, inda kai ke saita komai da hannu. Shata 1/200 ko duk iyakar da kyamararka ta yarda ta yi aiki da filasha, wasu 1/250 ne. Ƙofar haske f/11, ISO 200, filasha a manuwal a ƙarfin 1/16. Ɗauki ganye ɗaya ka gani, in ya yi duhu ƙara zuwa 1/8, in ya ƙone rage zuwa 1/32. Shi kenan, da wannan saitin zaka iya wuni.

Wani zai ce tunda tsuke ƙofa na ƙara kaurin fokas me zai hana in zarce f/22 ko f/32. Abin da zai hana shi ne in ramin ya yi ƙanƙanta da yawa haske yana bazuwa a gefensa sai hoton gaba ɗaya ya yi laushi, ko'ina ya shiga fokas amma ba inda ya yi kaifi. Ka tuna a 1:1 f/11 ɗinka ya riga ya zama f/22 a aikace. Tsaya tsakanin f/8 da f/13, in ka wuce 1:1 ma buɗewa zaka ƙara yi ba tsukewa ba. Sannan ɗauki RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara bata sarrafa ba, in kyamarar na yi.

Filasha da hularta

Nan ne hoton makro ke tashi ko ya faɗi, dan haka bari in daɗe a kai. Amfanin filasha ba ƙarin haske kaɗai bane. In ka rage ƙarfinta zuwa 1/16 ko ƙasa, walƙiyar da take yi ta fi 1/5000 na daƙiƙa gajarta a yawancin filasha, kuma tunda saitinka ya toshe hasken gari, wannan walƙiyar ce ta zama ainihin shatarka. Rawar hannu, kaɗawar kara, motsin ƙahon ƙwaro, duk sun daskare. Shi ya sa masu hoton ƙwari da yawa basa ɗaukar sandar nan mai ƙafa uku ko kaɗan, kafin ka gama kafa ta ai mai gidan ya tashi.

Amma filasha tsirara mugun abu ce. Jikin ƙwari da yawa sulɓi ne da shi yana ƙyalli, in ka harba masa haske kai tsaye sai ka ga farin ɗigo ya ƙone a bayansa, idon ya yi fari fat, ƙarƙashinsa kuma duhu. Maganin shi ne difiyuza, wato farin mayafi da ake sawa tsakanin filasha da ƙwaro dan hasken ya bazu ya yi taushi. Ƙa'idar guda ɗaya ce, gwargwadon girman farin mayafin a idon ƙwaron, gwargwadon taushin hasken. Saboda haka ɗan farin murfin da ake kifawa a kan filasha ba ya wani aiki a nan, ya yi ƙanƙanta kuma ya yi nisa. Abin da kake so shi ne mayafi mai faɗi da ya sunkuyo a saman bakin gilashi, dab da ƙwaron.

Zaka iya haɗa naka. Samu farin soson nan siriri da ake naɗe kayan lantarki da shi a kwali, ko farar roba mai barin haske ya ratsa, yanke ta faɗin tafin hannu biyu, huda rami a ƙasa daidai kaurin gilashinka ka zura gilashin, sai ta tsaya a sama ta ɗan lanƙwaso gaba. Daga kan filasha zuwa mayafin yi rufi da kwali ka liƙa farar takarda ko takardar alminiyam a ciki dan kar haske ya tsere sama. Gwajinsa kuma mai sauƙi ne, ɗauki hoton cokali ko baƙin maɓalli mai sheƙi. In ka ga ɗigon haske ƙarami mai zafi, ƙara wani shafin soso ko ka ƙara tazara tsakanin filasha da mayafin. In ka ga faffaɗan haske mai laushi ya kwanta a jiki, ka gama. Ko filashar da ke jikin kyamara tana wannan aikin in gilashin bai yi tsawon da zai tare ta ba.

Abu ɗaya da filasha ke jawowa shi ne baƙin baya. Haske in ya ninka tazara yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, dan haka ƙwaron da ke santimita 15 ya haskaka, ganyen da ke mita ɗaya a bayansa ya zama dare. Wasu suna son hakan, ni dai in ya yi yawa sai in ga duk hotunan sun zama iri ɗaya kamar da tsakar dare aka ɗauke su. In kana son kore shar a baya, juya ta inda akwai ganye kusa da bayan ƙwaron, ko ka riƙe wani ganye a can da hannu, ko ka sauke shata zuwa 1/100 ka ɗaga ISO zuwa 400 dan hasken gari ya ɗan shigo.

Fokas da jiki ake yi

Kashe otofokas. A wannan kusancin zai yi ta kai da komo yana neman abin kamawa, in ma ya kama sai ya kama fiffike ko gefen fure. Abin da zaka yi shi ne ka murɗa zoben fokas zuwa girman da kake so, misali 1:2, wato rabin girmansa, in ƙwaron babba ne, ka bar shi a nan kar ka sake taɓawa. Yanzu kai ne fokas ɗin. Kara ido, matsa gaba da jikinka gaba ɗaya a hankali, zaka ga dishi-dishi ya fara washewa, gefen fure ya fito, ƙafar gaba ta fito, sai ido. Daidai lokacin da ka ga ƙananan ramukan cikin idon sun bayyana kamar raga, danna. Kar ka tsaya ka ce sai ka daidaita, tsayawa cak ba ta yiwuwa, kana cikin tafiyar zaka danna. Ja baya kaɗan ka sake shigowa ka sake dannawa, haka dai. In kyamararka na da layin launi da ke nuna inda fokas ya kama kunna shi, yana taimako.

Jiki kuma sai ka tokare shi. Gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, ko a kan gwiwar ƙafa in ka tsuguna, ko a ƙasa in ka kwanta rub da ciki. Fitar da numfashi rabi ka riƙe kafin ka danna. Dabarar da ta fi kowacce aiki ita ce ta hannun hagu, kama karan furen a hankali da babban yatsa da manuni ɗan ƙasa da inda ƙwaron yake, sai ka ɗora bakin gilashin a kan wannan hannun. Yanzu fure da kyamara sun zama abu ɗaya, in iska ta kaɗa tare zasu tafi, kuma kana iya murza karan kaɗan ka juyo da fuskar ƙwaron wajenka. Ƙwaron da ya duƙufa yana shan zaƙin fure sau da yawa ko a jikinsa.

Sai kusurwa. Tunda fokas ɗin siriri ne kuma a shimfiɗe yake daidai da fuskar sensa, duk abin da kake son ya fito ka jera shi a wannan shimfiɗar. Malam-buɗe-littafi ya rufe fuka-fuki, tsaya a gefensa sak yadda bayan kyamara zai yi daidai da fiffiken, sai ya fito daga kai har ƙarshe. Ka karkace kaɗan rabi ya tafi. In kuma ta gaba ka zo, ido kawai ka nema sauran su narke, ba wanda zai yi ƙorafi. Hoton da ido bai fito ba kam ko fiffike ya yi kyau yaya share shi. Kuma sauka daidai tsayin ƙwaron, hoton da aka ɗauka daga sama bayan ƙwaro kawai yake nunawa.

Ka sa a ranka mafi yawan abin da zaka ɗauka shara ne, haka yake ga kowa har waɗanda suka shekara a kai. Ɗauki da yawa.

Koyi da fure kafin ƙwari

Fure ba ya gudu, dan haka a kansa zaka saba da duk abin da na faɗa. Zaɓi wanda bai fara yaushi ba, dan tabon da ido bai gani ba a makro sai ya cika hoto. Kar ka ce sai furen duka ya shiga, zaɓi abu ɗaya, ƴan sandunan tsakiya masu ɗauke da gari, ko lanƙwasar gefen wardi, ko gashin da ke jikin toho. Zagaya ka sa rana a bayan furen, jijiyoyinsa zasu fito kamar an kunna fitila a ciki. In rana ta yi zafi yi masa inuwa da jikinka ko farar lema, sannan ka sa farar takarda a ƙasa ta mayar da haske cikin duhun.

Jan fure da rawaya suna yaudarar kyamara, a allo zaka ga lafiya lau amma launin ya cika ya toshe, ba zane ba komai sai ja wur. Duba histogiram mai launi uku, wato zanen da kyamara ke nuna yawan hasken kowane launi da shi, in ja ya manne a bangon dama rage haske kaɗan. Kafin ka danna kuma zagaya da ido gefe huɗu na hoton, wani busasshen kara mai haske a baya ya isa ya ɓata komai, matsawar santimita biyu gefe tana kawar da shi.

Ɗigon ruwa kuma in babu raɓa fesa da ƴar kwalbar feshi, in ka sa wani fure a bayan ɗigon zaka gan shi a ciki a kife. Fure kawai zaka fesa, ban da ƙwari.

Kowane ƙwaro da halinsa

Idon ƙwari motsi yake kamawa fiye da komai, saboda haka sannu ba ta hana zuwa. Matso a miƙe ba gefe da gefe ba, kar inuwarka ta faɗa kansa, kar ka bugi reshen da yake kai. Fara ɗauka tun daga nesa kana matsowa, in ya tashi aƙalla kana da wani abu.

Mazari yana da sandar da ya fi so, in ya tashi kar ka bi shi, daidaita fokas a kan tsinken ka jira, sau da yawa nan zai dawo. Zuma kar ka bi ta fure-fure zaka gaji a banza, lura da furen da ake yawan sauka ka tare a can, lokacin da ta cusa kai ciki ka matso, lokacin da ta ɗago fuska duk gari ka danna. Fiffikenta yana bugawa wajen sau 230 a daƙiƙa, dan haka in a sama kake son ta kar ka damu in fiffiken ya yi hazo. Akwai wasu ƙudaje masu zanen rawaya da baƙi da suke kwaikwayon zuma, fiffike biyu gare su maimakon huɗu, manyan idanu, gajeren ƙaho, basa harbi, kuma suna tsayawa cak a iska wuri ɗaya, su ne suka fi sauƙin ɗauka a sama. Ƙoƙi-ƙoƙi ɗan gayu ne, zai juyo da kai ya bi ka da kallo. Fara tana zagayawa bayan kara ta ɓuya, miƙa hannu ta ɗaya gefen sai ta zagayo wajen kyamara da kanta.

Wanda na fi so shi ne ɗan gizo-gizon nan mai tsalle, shi ba ya saƙar tarko, farauta yake da ido. Idanu takwas gare shi, biyun gaba manya ne masu sheƙi, in ka matso maimakon ya gudu sai ya juyo ya ɗaga kai yana kallon gilashin, wani lokaci ma ya daka tsalle ya hau kai. A cikin idanun nan biyu zaka ga hoton difiyuzarka ƙarara, nan zaka san ko ta yi kyau ko da sauran gyara.

Rina da zanzaro a kan fure basu cika kula mutum ba, kusa da gidansu ne ake samun matsala, kar ka je. Wanda ya san jikinsa na kumbura sosai in zuma ta harbe shi ya tsaya a kan fure da malam-buɗe-littafi. Masu kama ƙwaro su sa a firji dan ya sandare su ɗauka kuma, ban ga amfanin abin ba, ƙafafun kan lanƙwashe wani iri kuma duk wanda ya san ƙwari kallo ɗaya zai gane, ga shi asuba tana ba ka wannan natsuwar kyauta.

In milimita ɗayan bai isa ba

Akwai dabarar tara fokas. Zaka ɗauki hotuna da yawa na abu ɗaya, kowanne fokas ya ɗan matsa gaba kaɗan, daga gaban abin har bayansa, sai manhaja ta tsinci wurin da ya fito a kowanne ta haɗe su hoto ɗaya. Helicon Focus da Zerene Stacker dan wannan aka yi su, Photoshop ma yana yi, kyamarorin Olympus da OM System da dama kuma a cikinsu suke haɗawa. Sharaɗin shi ne abin kar ya motsa, dan haka fara da fure a cikin ɗaki a kan mai ƙafa uku, f/5.6 ko f/8, kowane hoto ya ɗan hau kan na bayansa. In ka bar giɓi zaka ga layin hazo ya ratsa tsakiya kuma ba gyara sai sake ɗauka.

Wajen gyara kar ka cika hannu. Zuƙo kowane hoto ɗari bisa ɗari a kan ido ka zubar da wanda bai kama ba tun kafin ka fara sonsa. Wanda ya tsira rage masa wuraren da suka yi haske da yawa, ɗaga inuwa kaɗan, ƙara kaifi a kan ƙwaron kawai ban da baya dan kar yashi ya taso, launi kuma bar shi kusa da yadda yake. Zaka kuma lura da wasu baƙaƙen ɗige-ɗige da ke fitowa a wuri ɗaya a kowane hoto, ƙurar sensa ce, a f/4 ba a ganinta amma makro a f/11 yana tono ta duka. Dan ka tabbatar sa f/22 ka ɗauki farar takarda ba tare da fokas ba, zasu fito rututu. Cire gilashi, kifa kyamarar bakinta ƙasa, hura da ƴar robar hura iska ta kyamara, kar ka hura da baki kuma kar ka sa tsumma. Wanda ya ƙi fita goge shi a manhaja ko ka kai wa masu wankin sensa.